Ɗalibai 70 a aji, babu wuta: yaya za a riƙe hankalinsu?

Tambaya daga Tahoua: Malamai, ajin CM2 ne (ajin ƙarshe na firamare), bayan azahar rabi na gyangyaɗi. Mene ne mafita?

Amsa ta 1: Malam, koma ga ardowaz, wato ƙaramin allon rubutu na kowane ɗalibi. Yi tambaya, ba su daƙiƙa 10 su yi tunani, buga tebur su rubuta, sake bugawa kowa ya ɗaga. Nan take za ka ga wanda bai gane ba.

Amsa ta 2: Ƙaramin majigi yana aiki da batir mai caji da hasken rana. Sauke bidiyon tun a gida, kada ya wuce minti 5, a tsayar a yi tambaya. A rufe tagogi, don haskensa kaɗan ne. Ƙura kuma tana toshe fankarsa, ya yi zafi ya mutu. A riƙa kakkaɓewa.

Amsa ta 3: Lissafi da safe, Malam, kafin zafi ya taso.