Shanuna suna fasa shinge da dare suna shiga gonar maƙwabci: ina neman shawara

Mai Garke daga Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Giwa ta jihar Kaduna, ina kuma da shanu bakwai a bayan gida, dukkansu Bunaji: bijiman huɗa biyu, shanun tatsa uku da maruƙa biyu. Garken da suke kwana a ciki shinge ne na ƙayar magarya da na jingina a jikin sandunan darbejiya, kuma duk rani bai taɓa ba ni matsala ba. Amma tun da ruwan farko ya sauka suka fara ture shi suna fita cikin dare, har a makon nan suka faɗa gonar masarar wani dattijo maƙwabcinmu, wadda ta kai gwiwa, suka cinye sashe suka tattake sashe. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya dai kora su zuwa ƙofar mai unguwa, a can na je na same su da asuba. Wane irin shinge ne zai tsare shanu da damina ba tare da kuɗin ya fi ƙarfina ba? Kuma ta yaya ya kamata a daidaita wannan ɓarna, tun da ba na so ta ɓata zaman da muka gada tun daga iyaye?

Tsohon Makiyayi daga Dambatta ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka kashe ko kwabo a kan shinge, ka fara tambayar kanka abin da yake fitar da su, domin saniyar da ta ƙoshi ta sha ruwa kwanciya take yi tana tuƙa har gari ya waye. A wannan lokaci harawa ta ƙare, karan dawa ya bushe ya zama itace, ga ƙamshin sabuwar ciyawa iska tana kawo musu, sai ka tarar duk garken ya tsaya a kusurwa ɗaya ya miƙa wuya waje. Ka ajiye musu abin ci na dare, ko da yankakkiyar ciyawa ce da ɗan dusa, ka sa musu kanwa ko gishirin lasa, kuma kada su shiga garke sai sun sha ruwa.

Sannan ka lura da kyau, ba duka bakwai ɗin ne suke fasa shinge ba. Kusan kullum guda ɗaya ce take buɗe hanya sauran su bi ta, kuma da safe za ka gane ta daga ƙarzunan ƙaya a wuyanta da ƙirjinta. Ita za ka yi wa turke, ko ka sa mata dabaibayi da dare. Idan kuwa ka ga fitar tata tana zuwa ne bayan kamar kowane mako uku, tana kuka tana hawan 'yan'uwanta, to neman barbara take yi, kuma babu ƙayar da za ta tsayar da ita sai an kai ta ga bijimi. Maruƙan kuma ka ɗaure su a dangwali a tsakiyar garke, domin uwa ba ta nisa da ɗanta.

Shingen ƙaya na rani ne. Da ya sha ruwa sai ya ruɓe ya kwanta. Abin da iyayenmu suka dogara da shi shi ne shinge mai rai. Ana saran rassan dashi masu kaurin damtse, a kafa su kusa da kusa kafin ruwa ya zauna sosai, su yi saiwa su zama ginshiƙan da gara ba ta ci. A ƙasa mai yashi aguwa ta fi kamawa. Bini-da-zugu ma yana yi domin dabba ba ta cin ganyensa, sai dai 'ya'yansa guba ne, a kula da yara.

Ma'aikacin Kiwon Dabbobi daga Zariya ya amsa:

Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, sai dai dashi yana bukatar damina biyu ko uku kafin ya iya tare bijimi, masarar maƙwabci kuwa a bana take. Shawarata ita ce Malam ya kewaye wurin kwanan kaɗai da waya mai ƙaya, tun da shanu bakwai ba sa bukatar fili mai yawa, sa'an nan ya kafa dashin a bayanta ta waje, ta yadda kafin sandunan su lalace shinge mai rai ya tashi. A ja layin waya huɗu ko biyar, na sama ya kai tsayin kamar mita 1.3, na ƙasa kuma kada ya bar gibin da maraƙi zai kutsa. A bar kimanin mita uku tsakanin sanda da sanda. Darbejiya ɗanya ba ta jimre ƙasa mai laima; ƙirya ko azarar giginya sun fi ta nesa ba kusa ba. Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne sandunan kusurwa da na ƙofa, alhali su ne suke ɗauke da nauyin wayar duka. A haƙa musu rami mai zurfi, a tokare su da wata sanda a karkace, in ba haka ba wayar za ta saki bayan ruwa kaɗan, saniya ta sa kai ta ɗaga ta.

Idan sun sake fita, kada a bi su da gudu da ihu da tocila, domin hakan ne yake watsa su cikin gona ɓarnar ta ninka. Mutumin da suka saba da shi ya wuce gaba da kwanon dusa yana kiransu, wani ya biyo a hankali daga gefe. Wanda ya tsaya ta bayan kafaɗar saniya yana tura ta gaba ne, wanda ya tsaya ta gaban kafaɗar kuma yana mayar da ita baya.

Akwai wani abu da ya fi diyya tayar mini da hankali. Da gonar dawa suka shiga maimakon masara, da ana iya rasa dabba a daren, domin ƙaramar dawa da gyauronta suna ɗauke da guba mai saurin kisa, musamman idan fari ya taɓa su. Duk lokacin da aka dawo da su daga gona, a duba kuiɓin hagu ko ya kumbura, a lura da numfashi da zubar da yawu, a kira likitan dabbobi nan take idan an ga alama. Malam kuma yana kusa da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, inda zai iya neman bayani kan ciyawar da ake shukawa don yanka.

Almajiri daga Maraɗi ya amsa:

Game da tambaya ta biyu, hukuncin a bayyane yake a mazhabarmu ta Malikiyya. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib, Allah ya ƙara masa yarda, da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana wuyan masu su. Saboda haka, ɗan'uwa, biya ya hau kanka, ko da dattijon ya ji nauyin tambaya. Malamai sun ce shukar da ba ta nuna ba ana kimanta ta ne tsakanin fata da tsoro, wato a duba yiwuwar ta yi albarka da yiwuwar ta lalace. Ka roƙi mai unguwa ya tura manoma biyu amintattu su duba gonar tun sawun kofato bai goge ba, domin bayan kwanaki kowa zai tuna ɓarnar yadda ta fi masa daɗi. A nan Nijar dokar makiyaya ta 2010 ma ta sa a fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu. Idan dattijon ya ce ya yafe, hakkinsa ne, amma sai ka fara kai masa abin a hannunsa.

Mai Garke daga Giwa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba da safe kamar yadda Baba ya ce, na tarar da ƙarzunan a wuyan babbar saniyar, yau kuma a turke za ta kwana. Mai unguwa ya ce gobe bayan sallar la'asar za a je gonar da mutum biyu. Na sayo waya dami biyu, amma ƙirya ta yi wuya a wajenmu, don haka ina tambayar Malam na Zariya ko sandunan kankare za su iya maye gurbinta a kusurwoyi huɗun da ƙofa, sauran kuma in yi amfani da itacen da ya samu.