Da'aful basar: me za mu kira shi da Hausa kafin Juma'a?

Mai Sanarwa: Assalamu alaikum. Likitocin ido za su zo unguwarmu a Gadarif ta Sudan, an ba ni takardar Larabci in karanta da Hausa bayan sallar Juma'a. Da'aful basar ne ya tsayar da ni. Ana nufin wanda ko da tabarau, abin da mai lafiya ke gani daga mita 18 sai ya matso ƙasa da mita 6, amma bai kai makanta ba. In na ce makafi, tsofaffinmu ba za su fito ba.

'Yar Kassala: Dundumi mana.

Malamar Asibiti: A'a ƙanwata, mai dundumi da dare yake laluben hanya. Ga masu yanar ido, ga hawan jinin ido, ga waɗanda suga ya taɓa. Yana ana cire ta da aiki a warke. Hawan jinin ido kuwa abin da ya tafi ba ya dawowa, sai a tsare saura, a ba mutum gilashin ƙara girman rubutu. Ni raunin gani nake cewa.

Kawun Mai Wurno: Raunin gani Larabci ne aka sa wa hula. Ku ce kwantan-gani: gani ya kwanta, bai mutu ba. Ni na ƙirƙiro shi.

'Yar Kassala: Kawu, wa zai gane? Innata moya baida take ce wa yanar ido da Larabcin Sudan, ko kalmar yana ba ta sani ba.

Kawun Mai Wurno: Ciwon ke nan! Kakanninmu sun taso daga Burmi ta Najeriya a 1903 da Hausarsu cikakkiya, jikoki sun sayar da ita a kasuwa.

Ɗan Kano a Madani: A gida dai rediyo raunin gani take cewa.

Kawun Mai Wurno: Kano ce za ta koya mana Hausa?

Mai Sanarwa: Allah ya huci zuciyar Kawu, jibi ne fa.

Malamar Asibiti: Tsohuwar da ta kasa zura zare a allura, in ta zauna gabana cewa take: ina gani dishi-dishi. Ka rubuta raunin gani, a lasifika ka ƙara da masu gani dishi-dishi, da masu moya baida.

Mai Sanarwa: Na ɗauka. Allah ya saka.

Kawun Mai Wurno: Dishi-dishi tamu ce, na yarda. Ɗayan kuwa bakina ba zai faɗe shi ba. Ƙarfe nawa za su fara duba mutane?