Shawarwari ga masu son yin bincike a dajin Gashaka Gumti

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da masu aikin namun daji, don ɗaliban da ke son yin firojet a Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa.

Kowa ya ce a fara da takardar izini daga hukumar gandun daji, sannan ka biya ofishinsu na Serti su haɗa ka da renja, wato ma'aikacin da ke gadin dajin, kar ka kuskura ka shiga kai kaɗai. Ka tafi da rani, da damina koguna cika suke yi hanya ta yanke.

A hirar an fi daɗewa kan birin nan cimpanzi, shi fa ba kasafai ake ganinsa ba, sheƙar da yake haɗawa da ganye a saman bishiya don kwana ita ake ƙirgawa, kowacce ka ɗauki GPS ɗinta, wato lambobin da ke nuna daidai inda take, sannan a ɗaura kyamara a jikin itace kan hanyar ruwa a bar ta makonni, sai dai a riƙe batir da yawa. In kana mura kar ka matsa kusa da biran, suna ɗaukar cutarmu, wannan kam wallahi ba wasa ba ne.

Makiyayan da ke zaune cikin dajin ma a zauna da su, sun san sawun kowace dabba.