Rabon ruwan rani a bakin kogunan Galma da Kubanni na Zariya: yaya kuke yi?

Mai lambu, Dakace: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai noman rani a bakin Galma ya san daga watan Maris ruwa kan ja baya. Zamanin mahaifina da jigo ake ɗiba, guga-guga, ba mai iya ƙwarar wani. Yanzu injin ban ruwa ɗaya kan zuƙe cikin awa guda abin da jigo zai yini bai ɗiba ba. Bara na sama da mu suka datse ƙoramarmu da buhunan ƙasa, tumatirina ya ƙone yana cikin fure. Har yau abin na ci mini rai. Ku a wajenku yaya kuke rabo?

Manomi, gefen Shika: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Mu ma sai da aka kusa ba hamata iska kafin muka zauna gaban sarkin noma. Aka raba kwanaki: na sama kwana biyu, na ƙasa kwana biyu, kuma ba ban ruwa da tsakar rana, don rana ce ke shanyewa kafin ya ratsa fangali. Wanda ya saɓa, shi zai sayi man injin maƙwabcinsa. Abin da ya riƙe dokar shi ne inji ba ya ɓuya, ko da tsakar dare ka tayar, ƙararsa za ta tona ka.

Makiyayi: Ku yi haƙuri Baba, amma in kun zauna ku riƙa tunawa da mu. Mashayar da na taso ina kai shanu yanzu albasa ce har bakin ruwa, burtalin ma an nome. Ai hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta.

Wata uwa, Tudun Wada: Ni ƙorafina Kubanni ne. Da idona nake ganin ana juye shara da leda a ciki, ƙasa kaɗan kuma da ruwan ake shayar da latas ɗin da muke saya wa yara.

Mai lambu, Dakace: Gaskiyarka ɗan Fillo, ko sau ɗaya ba mu taɓa kiran Arɗo zamanmu ba, zan tayar da maganar ranar Juma'a. Malam na Shika, in wanda ya saɓa ya ƙi biyan man fa, wa kuke kai wa ƙara?