Shawarwarin injiniyoyi kan warware matsala da lissafi

A tattaunawar da injiniyoyi da ɗalibai Hausawa mazauna Legas suka yi a Agege, shawarar da ta fi karɓuwa ita ce mutum ya fayyace abin da yake son ragewa ko ƙarawa kafin ya taɓa kwamfuta. An kawo misalin motar tumatir da ke tasowa daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Idan kuɗin dizal kaɗai aka sa a lissafi, amsar za ta yi kyau a takarda, amma cunkoson shiga gari zai riƙe motar cikin zafi har kwandunan ƙasa su fara tsiyayar da ruwa. Dole ne lokaci da lalacewar kaya su shiga cikin sharuɗɗa, kuma a ganina nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

An kuma ce a fara da samfuri mai sauƙi, wato siffanta matsalar da lissafi. Hanyar lissafi ta simplex da masanin lissafi George Dantzig ya samar a 1947 tana warware matsalolin rabon kaya, muddin alaƙar abubuwan miƙaƙƙiya ce, wato idan ɗaya ya ninka, ɗayan ma ya ninka. Inda ba haka ba, kamar gudun ruwa cikin bututu, kwamfuta na iya tsayawa a kan amsar da ba ita ce mafi kyau ba, sai a sake gwadawa daga mafari daban-daban.

Masu gini sun jaddada a gwada samfuri da awon da aka yi a wurin aiki, domin yashin Lekki da iskar teku mai gishiri ba sa bin alƙaluman da aka samo a Arewa.