"Hassada ga mai rabo taki ce": ta hau kan Michizane kuwa?

Ɗan Birni: Jama'a, na ga ana buga wannan karin maganar a kan Sugawara no Michizane, masani, mawaƙi, kuma bafaden Japan. Ni ban gamsu ba. Taki a gona ake zuba shi, mai gona ya girbe ya ci. Shi kuwa a 899 ya zama Wazirin Dama, a 901 aka tura shi Dazaifu a tsibirin Kyushu da muƙamin jeka-na-yi-ka, a 903 ya rasu can. Ina takin?

Baban Salma: Malam, a rabin labari ka tsaya. A 923 fada ta mayar masa da muƙaminsa, a 947 aka gina masa wurin bauta a Kitano da ke birnin Kyoto, a 993 aka ba shi muƙamin Babban Waziri yana kabari. Har gobe ɗaliban Japan na zuwa can kafin jarrabawa. Fujiwara no Tokihira da ya kai sukarsa, wa ke tuna shi in ba da wannan ba?

Gwaggon Yara: Baban Salma, a yi hattara. Mai rai ake gaya wa wannan magana, don ya daure. Kuma sharaɗinta shi ne hassadar ce ta ɗaga shi. A nan tsoro ne ya yi aiki. Tokihira ya mutu a 909 bai cika arba'in ba, yarima mai jiran gado ya bi a 923, a 930 tsawa ta faɗa cikin fada ta kashe fadawa. Su a imaninsu kurwarsa ce ke ramuwa, sai suka shiga lallashi. Wannan ba taki ba ne, biyan diyya ne.

Malamin Tarihi: Gwaggo ta kusa. Ni "sarki goma, zamani goma" zan ɗora masa. Gidansu na malamai ne, ba shi da dangi masu ƙarfi a fada. Jigonsa ɗaya, Sarki Uda, wanda ya jawo shi don ya rage wa dangin Fujiwara, wato su Tokihira, ƙarfi. Uda ya sauka a 897, ɗansa Daigo ya hau yana yaro. Kuskuren kuma, 'yar Michizane tana auren Yarima Tokiyo, ƙanen Daigo. Abin da aka rataya masa ke nan: wai yana so ya ɗora surukinsa a gadon sarauta. Uda ya zo ya sa baki, masu gadi suka hana shi shiga.

Ɗan Birni: Japanawa ma suna da tasu karin maganar: turken da ya fi saura tsawo shi ke shan duka. Wani malami, Miyoshi no Kiyoyuki, ya rubuta wa Michizane a shekarar 900 cewa ya ajiye muƙami tun da girmansa. Bai ajiye ba.

Baban Salma: To shi Kiyoyukin, nasiha ya yi ko shi ma so yake a matsa masa? Ai sana'arsu ɗaya.