Allurar kashe zafi a cikin gwiwa: da gaske tana cinye guringuntsi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ce ke fama da amosanin gwiwa, yanzu ko sallah a zaune take yi. Likita ya ce zai yi mata allura a cikin gaɓar, haɗin maganin kashe zafi lidocaine da sitiroyid mai rage kumburi. Ƙanina kuma ya dage wai irin wannan allura tana kashe ƙwayoyin guringuntsi, wai gara a sa magnesium. Mu bari a yi ko mu dakata? Don Allah masu sani ku taimaka.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Nima an taɓa yi min, na samu sauƙi na 'yan watanni, daga baya ciwon ya dawo.

Likitan Ƙashi: Amin. 'Yar'uwa, maganar ƙaninki tana da tushe, sai dai ya ɗauko ta daga tsakiya. A shekarun 2000 a Amurka ana yi wa mutane aikin kafaɗa da kyamara, a bar musu siririyar roba a cikin gaɓar tana ɗiga wani maganin kashe zafi, bupivacaine, kwana biyu zuwa uku ba tsayawa. Bayan watanni sai wasu, har da matasa masu jini a jika, suka dawo guringuntsin kafaɗarsu ya zaizaye. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan ta duba rahotanni 35, ta ce ba ta amince a riƙa ɗiga waɗannan magunguna cikin gaɓa haka ba.

Abin da ya sa ake tsoro shi ne guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, ƙwayar da ta mutu da wuya a samu madadinta. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ɓarnar tana bin ƙarfin maganin da daɗewarsa a wurin. Bupivacaine mai ƙarfin kashi 0.5 ya fi muni, lidocaine ma yana taɓawa musamman mai kashi 2, ropivacaine ne mai dama-dama. Guringuntsin da ya riga ya tsattsage, irin na masu amosani, ya fi saurin shan maganin, kuma haɗa shi da sitiroyid yana ƙara masa illa a gwaji. Amma ƙwayoyin da aka jiƙa cikin faranti daban, gwiwar mutum daban: a jiki ruwan gaɓa yana tsarma maganin, jini ya kwashe shi. Allura guda, 'yar kaɗan, ba a tabbatar tana kawo irin waccan zaizayar ba. Ni maimaitawa ce ke damuna.

Anti Nas: Magnesium sulfate dai mu a ɗakin haihuwa muka san shi, shi muke ba masu jijjiga. Har a gwiwa ake sa shi?

Likitan Ƙashi: Shi ne, Anti. An gwada shi a gwiwa bayan aikin kyamara don rage raɗaɗi, kuma a ɗakin bincike bai kashe ƙwayoyin guringuntsi kamar magungunan kashe zafi ba. Sai dai binciken na ciwon bayan tiyata ne, bai zama maganin amosani da za ki je ki nema wa Hajiya ba. Kada wani ya ji haka ya nufi kemis. Allurar gaɓa a hannun wanda bai iya ba tana iya sa ƙwayoyin cuta su shiga gwiwa ta yi ruwa, wannan kuwa cikin kwanaki yake lalata ta.

Mai Gashin Ƙashi: Ku riƙa tunawa da sitiroyid ɗin ma. A wani bincike na 2017, waɗanda aka yi wa allurar sitiroyid mai suna triamcinolone duk wata uku har shekara biyu sun fi waɗanda aka sa wa ruwan gishiri asarar guringuntsi, ciwon kuma bai bambanta ba. Ku kawo ta gashi, a ƙarfafa naman cinya, in akwai ƙiba a rage.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To Dakta, me zan tambaye shi ranar?

Likitan Ƙashi: Tambaye shi ƙarfin maganin, da ko zai iya kashe zafi a fatar kawai ba tare da ya zuba mai yawa a ciki ba, da kuma sau nawa yake shirin yi a shekara. In Hajiya tana da ciwon suga ki faɗa masa tun kafin ya zuƙi maganin, don sitiroyid yana ɗaga suga na 'yan kwanaki.